Haruna Babangida bai ci bashin kowa ba

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a majalisarmu. Duk ranar da hirar ƙwallo ta yi nisa, aka gama da Arsenal da Madrid aka gangaro kan 'yan wasan da, sai wani ya ambaci Haruna Babangida, sai wani ya girgiza kai ya ce, "Kai, yaron nan ya yi asarar baiwa." Daga nan kowa ya ɗora nasa. Wannan ya ce da ya yi haƙuri da yanzu ana lissafa shi tare da su Xavi. Wancan ya ce ai ko rabin yayansa bai kamo ba. A ɗan yi jugum kamar an je gaisuwar mutuwa, a koma wata hirar. Na shekara da shekaru ina jin wannan hukunci ina haɗiyewa. Yau dai zan faɗi abin da ke raina: ba a yi wa Haruna adalci ba, kuma wannan girgiza kan da muke yi ita ce ke hana mu duba namu laifin.

Ga wanda bai riski zamanin ba, gidan Babangida na Kaduna ya fitar da 'yan ƙwallo uku da suka sa rigar Najeriya. Babban shi ne Tijjani, wanda aka haifa a 1973. Daga Niger Tornadoes ta Minna ya tafi Holan a farkon shekarun 1990, ya yi Roda JC da VVV-Venlo, sannan a 1996 Ajax ta ɗauke shi ya maye gurbin Finidi George da ya koma Real Betis. A shekarar ya ci zinare da Najeriya a gasar Olamfik ta Atlanta. A watan Maris na 1997 shi ya jefa ƙwallon ƙarshe a ragar Atlético Madrid, a gidansu, ana daf da tashi daga ƙarin lokaci, Ajax ta wuce zuwa wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai. Shi ya ci mana ƙwallo ɗaya tilo ranar da Denmak ta lallasa mu 4-1 a Faransa a 1998. Mai bi masa, Ibrahim, yana cikin yaran da suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, tare da Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro, daga baya ya buga wa Volendam a Holan. Sai ƙaninsu Haruna, haihuwar 1982, wanda duk wanda ya gan shi yana yaro ya yarda ƙafarsa ta fi ta yayyensa laushi.

Ba zan manta da ranar Alhamis 10 ga Fabrairu, 2000 ba. Najeriya da Afirka ta Kudu ne a Legas, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. Mun cika falon wani maƙwabcinmu, manya a kan kujeru, mu a ƙasa, wasu a taga. Wani abokina yana bakin ƙofa yana fama da igiyar takalminsa, bai ma ɗago kai ba, sai falon ya kece da ihu. Minti ɗaya bai cika ba Tijjani ya ci. Uwar gidan ta fito da carbi a hannu tana salati, tana tambayar wa ya mutu. Ɗanta ya riƙe ta yana tsalle yana cewa, "Hajiya, ɗan Kaduna ne! Ɗan Kaduna ne!" Kafin a tafi hutun rabin lokaci Tijjani ya ƙara ta biyu. Daren nan ko almajirin da ya zo bara ƙofar gidan sai da ya sami tuwo da nama. A shagunan PlayStation kuwa yara har faɗa suke yi kan wa zai ɗauki Najeriya, don kowa ya san in Babangida ya ja ƙwallo a gefe babu mai kamo shi.

To a ƙarƙashin wannan inuwa Haruna ya taso. Mu Hausawa muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma muna faɗin haka ne da niyyar yabo. Amma ga yaron da ake faɗa wa, kaya ne aka ɗora masa tun bai san nauyi ba. In ya yi gudu, a ce ai gado ne. In ya yi tuntuɓe, a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ba ya da ranar da za a auna shi da mudunsa.

Bari mu dubi abin da ya faru da shi daki-daki. Yana ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar ya riga ya bar gida, ya biya ta Ajax inda yayansa yake, ya sauka a La Masia, gidan renon 'yan wasan Barcelona. A can ya zauna da su Mikel Arteta da Pepe Reina da Víctor Valdés da Andrés Iniesta. A 1998 Louis van Gaal ya tafi da shi atisayen share fagen kaka tare da manya, ya buga wasan sada zumunta da rigar babbar ƙungiya yana ɗan shekara 15. Arteta, wanda yanzu yake horar da Arsenal, ya taɓa faɗa a wata hira cewa a shekarun nan bai ga yaro mai baiwar Haruna ba, kuma kamata ya yi a ce ya zama tauraro. Wannan maganar ce mutanenmu suka riƙe suke dukan Haruna da ita.

Abin da ba sa tsayawa su duba shi ne ƙofar da aka ce ya shiga. Ɗan wasan gefe ne. A lokacin da yake tasowa, gefen dama na Barcelona na Luís Figo ne, mutumin da ya ci Ballon d'Or a 2000. Ɗaya gefen kuma Rivaldo ake ajiyewa, wanda ya ci tasa a 1999. Da Figo ya tafi Madrid, kulob ɗin ya kwashi kuɗin ya sayo Marc Overmars, ga Simão yana nan, aka ƙaro Geovanni, daga baya aka kawo Quaresma. Shekarun 2000 zuwa 2003 shekaru ne na ruɗani a Barcelona, ana ta sauya masu horarwa, ba kofi, magoya baya na ɗaga farin ƙyalle a fili. Kocin da kujerarsa ke rawa ba ya caca da yaro, wanda aka kashe wa miliyoyi yake sawa don ya kare kansa. Ƙari a kan haka, dokar Sifaniya ta ƙayyade yawan 'yan wasan da ba 'yan Tarayyar Turai ba da kulob zai yi wa rajista. Xavi da Puyol da Iniesta ba su da wannan matsala, 'yan gida ne. Haruna kuwa da fasfo ɗin Najeriya yake takara da 'yan Brazil da 'yan Ajantina a kan guraben da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ko Arteta da Reina, da suke 'yan ƙasa, ba su sami wurin zama ba, sai da suka fita suka nemi arzikinsu a wani wuri. Ban taɓa jin an ce sun yi asarar baiwa ba.

Sannan akwai abin da ba ya fitowa a takardar ƙididdiga. Iniesta ya zo La Masia yana ɗan shekara 12, kuma shi da kansa ya sha ba da labarin irin kukan kewar gida da ya yi, alhali iyayensa suna cikin ƙasar, tafiyar wasu sa'o'i a mota. Da Messi ya zo daga Rosario yana ɗan 13, mahaifinsa ya tare a Barcelona ya zauna da shi. Yanzu ka ƙaddara ɗanka ne, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, a garin da ba mai jin Hausa, Turancin ma ba kowa ba, abincin ba naka ba, azumi ya zo kai kaɗai ne za ka tashi sahur. Wayar salula ta GSM ba ta shigo Najeriya ba sai 2001, saboda haka jin muryar uwa ma sai an yi shiri an sa rana. Mu da muke kai yaro makarantar kwana a Zariya mu kasa barci har sai ranar ziyara, mu ne muke zaune a kan benci muna cewa yaron da aka kai wata nahiya bai yi haƙuri ba.

Za a ce ai yana da yaya a Turai. Haka ne, kuma babban wa uba ne. Amma Amsterdam ba unguwa ce a Barcelona ba, kuma Tijjani a lokacin yana cikin nasa yaƙin. Bayan ya ci lig da kofi da Ajax a 1998, aka sallami Morten Olsen, wurinsa a ƙungiya ya fara rawa, har ta kai ana ba da shi aro: Gençlerbirliği a Turkiyya, Vitesse, Al-Ittihad ta Jidda, kafin ya ƙarasa a ƙasar Sin. Mutumin da ke fafutukar riƙe tasa rigar, iyakar abin da zai yi wa ƙaninsa shi ne ya nuna masa ƙofa ya yi masa addu'a. A nan ne gidan Babangida ya bambanta da gidan Abedi Pele na Ghana, wanda ake yawan kwatanta su. André da Jordan Ayew a Faransa aka haife su, da harshen suka tashi, mahaifinsu ya riga ya gama wasa ya zauna, yana da suna a Marseille, yana da kulob nasa a gida. Gadon uba da ya kafu daban, taimakon wa da shi ma yake kan hanya daban.

Duk da haka, me Haruna ya yi da rayuwarsa? Bayan shekarunsa a ƙungiyar Barcelona ta biyu da zaman aro a Terrassa da Cádiz, ya tafi Metalurh Donetsk a Yukren. Daga can Olympiacos ta ɗauke shi a 2005, ya ci kofin lig na Girka, kuma a ɗakin sauya kaya ɗaya da Rivaldo ɗin nan da ya tarar a Barcelona yana yaro. Ya yi Apollon Limassol a Saifurus, ya yi Kuban Krasnodar a Rasha, ya leƙa Mainz a Jamus, ya koma Holan wurin Vitesse, ya yi Kapfenberg a Ostiriya, ya rufe da Mosta a tsibirin Malta. Sama da shekara goma sha biyar yana cin abinci da ƙafarsa a Turai. A cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi daga Tudun Wada zuwa Rigasa, nawa ne za su kai kwatar wannan? In ɗan maƙwabcinka ne ya yi haka, da kiɗa za a tarbo shi daga filin jirgi. Don sunansa Babangida, kuma don ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da waɗanda suka zama taurari, shi ya sa muke kiran wannan faɗuwa.

Ba ina cewa ɗan wasa ba shi da nasa kason a yadda rayuwarsa ta kasance ba. Kowa yana da shi. Amma akwai wani misali da ya fi kowanne nuna mini inda gizo yake saƙa. A Donetsk, Haruna ya haɗu da wani matashi ɗan Kwaddibuwa, shi ma ƙanin wani shahararre ne: Yaya Touré, ƙanin Kolo na Arsenal. A shekara ɗaya suka koma Olympiacos. Daga nan Yaya ya wuce Monaco, a 2007 ya shiga Barcelona yana ɗan shekara 24, ya ci kofin Zakarun Turai a 2009, ya zama gwarzon Afirka sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014. Hanya ɗaya suka bi, ɗaya yana gangarowa daga Barcelona, ɗaya yana hawa zuwa can. Yaya bai bar gida ba sai da ya kai shekara 18. A Abidjan ya koyi sana'arsa, a makarantar ƙwallo ta ASEC Mimosas, yana cin abincin da ya saba, yana jin harshen da ya sani. Da ya tashi fita, ƙaramin kulob ya fara zuwa, Beveren ta Beljiyam, inda ake sa shi wasa duk mako. Ya hau tsani daga matakin ƙasa, ƙashinsa ya yi ƙwari kafin ya isa inda ake tsananin takara. Shi kuwa Haruna an ɗora shi a matakin sama tun yana ɗanye, wurin da babu sarari, kuma duk inda ya je bayan nan sai a ce ya sauko. Yaya yana da makarantar da za ta riƙe shi a gida har ya nuna. Haruna ba shi da irinta a Kaduna, abin da yake da shi yayansa Tijjani ne a Holan.

Wannan shi ne laifin da nake cewa namu ne. Kaduna fa ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙwallon ƙasar nan. A tawagar Atlanta kaɗai akwai Tijjani, da Garba Lawal, da Daniel Amokachi, da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel mai tsaron gida, duk 'yan Kaduna. Rashidi Yekini a UNTL ya fara, ƙungiyar masaƙa. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988. A 1999, da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, Xavi da kansa ya taka filin wasa na Ahmadu Bello, Sifaniya ta fitar da Ghana da Mali a nan Kaduna kafin ta je Legas ta ɗauki kofin. Waɗancan 'yan wasa namu ba daga sama suka faɗo ba. Kamfanoni ne ke riƙe da ƙungiyoyi, makarantu na da filaye da malaman wasanni, ana gasa tsakanin unguwanni da tsakanin makarantu. Da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ba albashin ma'aikata kaɗai ya tafi ba, har da wannan. Filayen makarantu da yawa an yanka an yi shaguna. Abin da ya rage wa yaro mai baiwa shi ne ya yi sa'ar samun wani nasa a waje.

Ita ma hukumar ƙwallon ƙasa ba ta kyauta masa ba. Wasa ɗaya tak Haruna ya buga wa Super Eagles, na sada zumunta da Japan a Tokyo a watan Agustan 2003, aka ci mu 3-0, shi ke nan ba a sake waiwayarsa ba, har lokacin da yake cin kofi a Girka. Ɗan wasan da kulob ya ajiye a benci, rigar ƙasarsa ce kan tuna wa duniya cewa yana nan. Yayansa ma bai tsira ba: shi ya ci biyu a ragar Ghana a Fatakwal a 2001, a wasan da ya ba mu tikitin kofin duniya, amma da aka tashi tafiya Koriya da Japan a 2002 babu sunansa.

Yau hanyar da Haruna ya bi ma a rufe take. Tun 2001 FIFA ta hana ɗauke yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga ƙasarsa zuwa wata don ƙwallo, sai da wasu 'yan sharuɗɗa da ba su cika shafar yaranmu ba. Barcelona ɗin kanta an hukunta ta a 2014 saboda karya wannan doka, aka hana ta yi wa sabbin 'yan wasa rajista tsawon 2015. Ni ina goyon bayan dokar ɗari bisa ɗari. Amma ma'anarta ita ce shekarun da ake gina ɗan ƙwallo, daga sha biyu zuwa sha takwas, yanzu a hannunmu suke, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Gwamnonin da ke kashe kuɗi a kan ƙungiyar jiha don a ga hotonsu da kofi, da za su ware wani abu su gyara filaye goma na makarantun gwamnati, su biya masu horar da yara albashi, su dawo da gasar makarantu da ake yi duk shekara ba sai an ga dama ba, da sun fi yi wa ƙwallo hidima. Masu kuɗinmu da ke tashi takanas zuwa Landan kallon wasa ɗaya, kuɗin tafiya biyu ya isa ya riƙe ƙungiyar yara shekara guda. Ɗan wasan Super Eagles Sadiq Umar ya sa hannu a Ranchers Bees, Allah ya saka masa, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda babu hanya ta gaskiya, 'yan damfara ke buɗe tasu. A layinmu akwai wani dattijo, tela ne, ɗansa na uku yana da ƙafar hagu da ban taɓa ganin irinta a unguwa ba. Wani mutum ya zo da jaka da hotunansa tare da Turawa a waya, ya ce ejan ne, zai kai yaron gwaji Turai. Na je har shago na same shi, keken ɗinki na aiki, tsumma a wuyansa. Na ce, "Baba, a yi hattara da mutumin nan, doka ma ba ta yarda a fitar da yaro mai shekarunsa ba." Ya tsayar da keken, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗana, 'yan gidan Babangida da ƙafa suka je? Ai wani ne ya kai su." Na ce masa wanda ya kai Haruna uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma duk da haka ga yadda ya sha. Bai ji ba, kuma ban ga laifinsa ba, don talauci ne ke magana. Ya sayar da filin da ya saya don gina wa 'ya'yansa, matarsa ta ƙara da 'yan kunnenta na zinare. Yaron bai wuce wani otal a wata ƙasa ta arewacin Afirka ba. Bayan mako uku mutumin ya kashe waya. Sai da aka yi karo-karo a masallaci bayan sallar isha'i aka dawo da shi. Ranar da ya iso ya ƙi fitowa daga ɗaki, wai kunya yake ji, shi da aka zalunta.

A watan Mayun 2024 motar da Tijjani da Ibrahim suke ciki ta yi haɗari a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Ibrahim ya rasu, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Tijjani, wanda a lokacin yake shugabantar ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Najeriya, ya ji rauni, kuma ya rasa ƙaramin ɗansa sanadin haɗarin. Abin da ya ƙara taɓa ni shi ne su Kolo da Yaya ma ɗan'uwansu da suka rasa a 2014 sunansa Ibrahim, shi ma ɗan ƙwallo ne da bai yi sunan 'yan'uwansa ba. Da labarin ya iso majalisarmu, wani matashi ya tambaya ko wane ne Ibrahim ɗin. Mutumin da ya ɗauko wa ƙasar nan kofin duniya yana yaro, a garinsu ake tambayar ko wane ne. Na ba shi labarin Japan 1993, na ce a wasan ƙarshe Ghana muka ci 2-1. Ya ce bai taɓa ji ba.

Ɗan telan nan yana nan. Ya karɓi keken mahaifinsa, don idon tsohon ya yi rauni. Amma duk ranar Asabar da Lahadi, da an idar da sallar asuba, za ka same shi a ragowar filin makarantar firamare ta unguwarmu da yara kusan talatin, ƙwallo biyu, da duwatsu a madadin turakun raga. Makon jiya na tsaya ina kallo, sai ya nuna mini wani siririn yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ke jan ƙwallo a gefen dama, ya ce ƙanin wani ne da ke buga wa wata ƙungiya a Kano. Ya ce tuni mutum biyu suka zo gidansu da maganar Turai, kuma ya roƙi mahaifin yaron ya bar masa shi ko da shekara biyar ne. Mahaifin ya ce zai yi shawara.